Ga mazauna Ingila: idan kun ga mai kwana a titi

'Yan uwa, lokacin Kirsimeti ne, shaguna sun cika maƙil da masu sayayya, a bakin ƙofofinsu kuma ga bayin Allah kwance kan kwali cikin sanyin da ke kisa. Abin yana taɓa zuciya. Idan kun ga ɗaya, ku shiga shafin StreetLink, wato shafin intanet da ake kai rahoton masu kwana a titi, ku rubuta ainihin wurin, da lokacin, da kamanninsa, za su sanar da ma'aikatan yankin masu taimaka wa marasa matsuguni. In bai kai shekara 18 ba, ko yana cikin mawuyacin hali, ku kira 999. Kafin ku sayo masa komai, ku gaishe shi ku tambaye shi buƙatarsa. Sau da yawa busasshiyar safa yake nema, domin ƙafar da ta kwana a jiƙe saurin rauni take yi.