Yadda Ake Gane Kumburin Dasashi da Ciwon Baki a Jikin Tsohon Kare, da Yadda Ake Kula da Shi

Karen da ya shekara takwas ko tara yana gadin gida, ko yana bin mai shi farauta, ko yana tsaron garke, ba ya saurin nuna cewa bakinsa na ciwo. Zai ci gaba da cin abinci ko da haƙoransa da dama suna girgiɗa, domin yunwa ta fi ciwon ƙarfi a wurinsa, kuma wannan juriyar ce take yaudarar masu karnuka har su ɗauki warin baki a matsayin abin da tsufa ke kawowa. Tsufa ba ya sa baki ɗoyi. Idan bakin tsohon kare yana wari, akwai ciwo a ciki, kuma galibi ciwon ya daɗe. Manyan karnuka sukan shiga tsufa tun daga shekara 6 ko 7, ƙanana kuwa sai wajen shekara 9 ko 10, amma ƙananan ne suka fi fama da ciwon dasashi saboda haƙoransu a cushe suke cikin ɗan ƙaramin muƙamuƙi.

Kafin hannu ya kai ga baki

Akwai abin da ya wajaba a kawar kafin komai, wato ciwon haukan kare. A ƙasashenmu irin su Nijeriya da Nijar cutar tana nan, kuma ɗaya daga cikin siffofinta ita ce kare ya riƙa dalalar da miyau, muƙamuƙinsa ya saki, ya kasa haɗiya, ta yadda mai shi zai zaci ƙashi ne ya maƙale masa, ya zura hannu domin ya ciro. Irin wannan karen ba lallai ne ya yi faɗa ko cizo ba, yana iya kwanciya shiru a lungu. Saboda haka idan dalalar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko halin karen ya sauya, ko muryarsa ta canza, ko ba a yi masa rigakafin hauka ba, ko an san wani kare ya cije shi a watannin baya, kada kowa ya taɓa bakinsa. A killace shi inda yara ba sa zuwa, a kira likitan dabbobi. Wanda miyan ya taɓa masa rauni ko aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar. Ciwon dasashi kuwa a hankali yake zuwa, cikin makonni da watanni, kuma karen yana nan da halinsa da aka san shi da shi.

Yadda ciwon ke farawa

Karen da ya gama girma yana da haƙora 42. Bayan kowane cin abinci wata dauɗa mai yauƙi, wadda ƙwayoyin cuta suka cika, takan lulluɓe haƙori, kuma idan ba a goge ta ba, sinadaran da ke cikin miyau sukan daskarar da ita cikin 'yan kwanaki ta zama ɓawo mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, wanda buroshi ba ya iya cirewa. Ɓawon da ido ke gani ba shi ne babbar matsalar ba. Ɓarnar tana faruwa ne a ƙarƙashin dasashi, inda ƙwayoyin cutar ke shiga ɗan ramin da ke tsakanin haƙori da nama, jiki ya tashi yaƙarsu, a cikin yaƙin kuma a cinye jijiyoyin da ke riƙe haƙori da ƙashin da yake zaune a ciki. Likitoci sun kasa ciwon mataki huɗu. A na farko dasashi ne kawai ya kumbura, kuma wannan yana warkewa sarai. A na biyu an rasa ƙasa da kashi 25 cikin ɗari na abin da ke riƙe haƙorin, a na uku tsakanin kashi 25 da 50, a na huɗu fiye da rabi. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa, sai dai a tsayar da ɓarnar inda ta kai.

Abin da za ka duba a gida

Ka fara da kallo daga nesa, lokacin da yake cin abinci. Kare mai ciwon baki yakan ɗauki yankan nama, ya karkata kai gefe guda yana tauna da ɓangare ɗaya, sai naman ya faɗo, ya tsaya yana kallonsa kafin ya sake ɗauka. Wani yakan zaɓi tuwo mai laushi ya bar ƙashin da a da yake faɗa a kansa, wani yakan goga fuska a ƙasa ko ya riƙa kai ƙafa baki, wani kuma za ka ga jirwayen jini a ruwan shansa.

Sannan ka sa safar hannu, ka sami wuri mai haske ko tocila, ka sa wanda karen ya saba da shi ya riƙe shi. Ba sai ka buɗe bakin ba da farko. Ka ɗaga leɓen sama da babban yatsa, ka ja shi baya har ka ga haƙoran can ciki, domin a nan dauɗa ta fi taruwa, musamman a kan babban haƙorin tauna na sama. Lafiyayyen dasashi jaja-jaja ne mai haske, da danshi, gefensa siriri a manne da haƙori. Mai ciwo kuwa za ka ga jan layi a inda ya haɗu da haƙori, gefen ya yi kauri, yana zubar da jini da an taɓa shi, kuma idan abin ya yi nisa naman ya janye har saiwar haƙori ta bayyana, wani lokaci da mugunya ko gashi da ɓurɓushin abinci a maƙale. Ka danna dasashin da yatsa har ya yi fari, ka saki: ya kamata launinsa ya dawo cikin daƙiƙa 2. Wasu karnukan dasashinsu baƙi ne ko dabbare-dabbare tun haihuwa, kuma wannan ba ciwo ba ne muddin wurin a shafe yake bai taso ba.

Idan karen ya yarda, ka buɗe bakin kaɗan ka leƙa ganɗa, domin sau da yawa guntun kara ko ƙashi yakan gitta tsakanin haƙoran sama ya zauna kwanaki yana ruɓar da nama. Idan ya yi gurnani ko ya janye, ka bar shi. Kare mai jin zafi yana cizon ko mai shi.

Ba kowane jan baki ne ciwon dasashi ba

Wannan shi ne wurin da ya fi bukatar natsuwa a tsohon kare, domin baki yakan bayyana cutar da ke wani sashe na jiki. Idan numfashinsa yana warin fitsari, ga gyambo a gefen harshe ko cikin kumatu, yana yawan shan ruwa da yawan fitsari, yana ramewa ko amai, to a fara zargin ƙoda. Ciwon suga ma yakan zo da yawan sha da rama, kuma yana sa ciwon dasashi ya ƙi jin magani. Idan dasashin ya koɗe ya yi fari, ko ya yi rawaya, ko akwai ɗige-ɗigen jini kamar an soka allura, a tuna da cututtukan da kaska ke ɗauka, waɗanda suka yi yawa a wurarenmu, musamman da damina.

Kumburi a ƙasan ido ɗaya, wanda yakan fashe ya zubar da mugunya ya rufe ya sake dawowa, yawanci daga saiwar babban haƙorin tauna na sama yake, ko da yake mutane kan ɗauka cizon ƙwaro ne. Atishawa da majina ta hanci ɗaya, musamman bayan cin abinci, na iya nufin ruɓar saiwar fiƙa ta sama ta huda har cikin hanci. Akwai kuma wani ciwo mai tsananin zafi inda gyambo ke fitowa a cikin leɓe da kumatu daidai inda naman ke taɓa haƙori, saboda garkuwar jikin karen tana mayar da martani fiye da kima ga 'yar dauɗar da ke kan haƙorin. Irin wannan karen yakan ƙi buɗe baki gaba ɗaya, miyansa ya yi kauri.

Abin da na fi so mai kare ya riƙe shi ne batun ƙari. Duk wani tudu da ya taso a dasashi, ganɗa ko harshe, baƙi ne ko ja, da duk gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, da haƙori ɗaya da ya girgiɗe alhali na kusa da shi lafiya lau, dole a ɗauke su a matsayin abin da ka iya zama ciwon daji har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne. Ido ba ya iya bambanta ƙari mai illa da marar illa, ko idon likita ne, sai an yanki ɗan nama an duba.

A wurin likita

Likita zai tambayi tun yaushe abin ya fara, me karen yake ci, da magungunan da ake ba shi, domin wasu magungunan hawan jini da na danne garkuwar jiki suna sa dasashi ya yi toho. Zai ɗebi jini, da fitsari idan ya samu, domin duba ƙoda, hanta, suga da yawan jini. Cikakken bincike ba ya yiwuwa sai an sa karen barci, a auna zurfin ramin da ke kewaye da kowane haƙori, wanda a lafiyayyen kare ba ya wuce milimita 3, a ɗauki hoton saiwoyi inda akwai na'urar, a kankare dauɗar sama da ta ƙarƙashin dasashi, a goge haƙoran su yi santsi, a cire waɗanda ba su da sauran amfani. Inda asibitin dabbobi na kusa ba shi da kayan aikin, a nemi a tura ka asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri.

Mutane da yawa suna tsoron allurar barci ga tsohon kare, kuma tsoron yana da dalili, amma abin da ke ƙara haɗarin shi ne halin da zuciya da ƙoda suke ciki, ba yawan shekaru kaɗai ba, shi ya sa ake gwaji tukuna. Kankare haƙori da karen a farke kuwa ban ga amfaninsa ba, domin yana faranta abin da ido ke gani ya bar ciwon a ƙasa. Haka kuma kada a ji tsoron cire haƙori. Karen gida ba ya bukatar haƙora 42 domin ya ƙoshi, kuma sau da yawa karen da aka cire wa ruɓaɓɓun haƙora yakan dawo da kuzarin da aka ɗauka tsufa ne ya tafi da shi.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana da wurinsa, idan akwai mugunya, zazzaɓi ko ruɓar ƙashi, amma shi kaɗai ba ya warkar da ciwon. Warin zai ragu na mako biyu ko uku, sannan ya dawo, domin tushen abin yana nan manne da haƙori.

Kulawa a gida

Bayan cire haƙori a ba shi abinci mai laushi na kwana 10 zuwa 14, kamar shinkafa da dafaffen nama ko kifin da aka cire wa ƙaya, ko abincin kare da aka jiƙa da ruwan ɗumi. A kula da sauran abincin gida, domin albasa da tafarnuwa da ke cikin miya suna lalata jinin kare. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ke huda ciki su kashe ƙoda, ko paracetamol ba da umarnin likita ba. Kada kuma a goga masa gishiri, toka ko kanwa a dasashin da ke ciwo. Idan likita ya ba da ruwan wanke baki na chlorhexidine mai ƙarfin kashi 0.12 cikin ɗari, a shafa shi da auduga a gefen dasashi; wanda ake wanke rauni da shi ba na baki ba ne.

Da bakin ya warke sai a shiga goge haƙora, kuma kullum ake yi, tun da dauɗar ba ta jiran mako kafin ta daskare. Tsohon karen da bai saba ba, a bi shi sannu: kwanaki na farko yatsa kawai da aka naɗe da bandeji aka tsoma a romo, sannan buroshi mai laushi irin na yara. A karkata buroshin zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a goge bayan haƙoran da ke fuskantar kumatu, minti ɗaya ya isa. Man goge baki na mutane bai dace ba, domin kare haɗiyewa yake yi, kuma wasu suna ɗauke da sinadarin xylitol mai guba a gare shi. Idan babu man karnuka, buroshi da ruwa kawai sun wadatar. A daina ba shi ƙashin ƙafar saniya, ƙaho da kofato, waɗanda ke fasa haƙoran tauna, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa. A ɗaga leɓensa a duba sau ɗaya a mako, a kai shi wurin likita duk wata shida, kuma idan ya ƙi ci kwana guda cur, ko fuskarsa ta kumbura, ko jini ya ƙi tsayawa, a kai shi a ranar.