Tsargiya, Tsila da Sammore: Kurakuran da Aka Fi Yi Kan Inda Ƙwayar Cuta Ke Sauka

Akwai ƙwayoyin cuta da tsutsotsin da ba sa kammala rayuwarsu a jikin halitta ɗaya. A wani jikin suke yada zango su girma, a wani kuma su balaga su yi barbara. Rashin rarrabe waɗannan masaukai ne ke sa a sha magani a warke, bayan damina cuta ta dawo.

Ɗalibanmu na kiwon lafiya a Kaduna da Zariya sukan ɗauka ɗan Adam ne masauki na ƙarshe, wato jikin da ƙwayar ke balaga ta yi barbara, a kowace cuta. A zazzaɓin cizon sauro ba haka ba ne. A cikin macen sauro Anopheles ne namiji da macen ƙwayar Plasmodium ke haɗuwa, mu kuwa zango ne, tana ninkuwa a hantarmu da jininmu. Ronald Ross ya gano ƙwayar a cikin sauro tun 1897. Kafin ka amsa a jarrabawa, tambayi kanka a jikin wa aka yi barbarar.

Kuskuren da ake yi kan tsargiya ya fi damuna. Iyaye da yawa suna zaton shan ruwan rafi ke kawo ta, sai su hana yaro sha amma su bar shi ya yi iyo. Ta fata take shiga. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin dodon koɗi irin na Bulinus su yawaita, sannan su fito su huda fatar mai wanka, mai wanki ko manomin shinkafa a fadama. Fitsarin jini a wurin yaro ba alamar balaga ba ce, rauni ne a mafitsara. Maganin praziquantel na kashe tsutsar da ta girma, amma ba ya hana sabon kamu. Sai an haɗa da daina fitsari a kududdufi da bakin Kogin Kaduna, da rage shiga ruwan da ke kwance.

A tsila kuma saniya ake ɗora wa laifi ita kaɗai, alhali daga gare mu ta samo: ta ci ciyawar da bayan gidan mutum ya gurɓata, ƙwan ya zama ƙulli a tsokarta. Gyaran biyu ne, masai da naman da ya dahu har ciki. Tsiren da tsakiyarsa ke ja, a mayar da shi wuta.

Makiyayi ya yi wa garke allurar sammore, washegari ya kora shi kurmin da ƙudan tsando, mai yaɗa cutar, ke ciki. Namun daji irin su gada da mugun dawa na ɗauke da ƙwayar ba tare da ta kwantar da su ba, daga jikinsu ƙudan ke sake ɗebowa. Cibiyar binciken sammore ta ƙasa, NITR, a nan Kaduna hedikwatarta take. Allura kaɗai ba ta isa, sai an haɗa da tarkon ƙuda, da maganin feshi a jikin shanu, da sauya mashaya lokacin rani, sa'ad da ƙudan ke taruwa a inuwar bakin rafi.