Yadda Za Ka Bi Sauyin Gumin Fatarka Daga Asuba Zuwa Dare Da Agogon Hannu

Agogon zamani mai awon gumi yana tura wata 'yar wutar lantarki da ba ka ji ta fatarka, ya duba yadda take wucewa. In gumi ya ƙaru, wutar ta fi wucewa. Jijiyoyin da ke sa gabanka faɗuwa in ka firgita su ne ke buɗe ƙofofin gumin tafin hannu, shi ya sa awon ke nuna natsuwa ko rashinta. A Fitbit Sense, wanda ya fito a 2020, tafin hannu ake kifawa a kan agogon na minti 2. Wanda aka taɓa amfani da shi ma ya isa in batirinsa na riƙe caji, kada ka zuba kuɗi kan sabo.

Da farko tsayar da lokuta uku: asuba, azahar, da isha. Lokutan salla sun fi ƙararrawar waya, don ba ka mantawa da su.

To ga inda mutane ke faɗuwa. Ka auna KAFIN alwala. Na ga masu idar da alwala su kifa hannu da danshinsa, lamba ta tashi, hankalinsu ya tashi tare da ita. Ruwa yana taɓa awon, sabulu ma haka, man shafawa ma haka. A hunturun Kaduna kuwa, da fata ke tsagewa kowa na laftar basilin, sai ka bar tafin hannu ba mai har ka gama. In ka shigo daga Kasuwar Gumi ko ka sha cunkoson Kawo cikin Keke Napep, zauna a inuwa minti 10 tukuna. Goro da shayi su jira. Lokacin awon kada ka yi magana, kada ka motsa yatsu, ko dogon numfashi guda yana ɗaga lambar.

Rubuta kowane awo a littafi, da sa'arsa da yanayin gari. Sai ka yi mako biyu kafin ka ce ka ga wani abu. Mutane da yawa awonsu kan yi ƙasa da sassafe ya hau da rana, amma naka da naka za ka gwada, ban da na maƙwabci. Awon Janairu kuma ba a haɗa shi da na zafin Afrilu ko danshin Agusta, kowanne shafinsa daban.

Agogon ba ya gano cuta. In gumi na jiƙa maka shimfiɗa da dare, ga zazzaɓi ko rama, ajiye shi ka tafi asibiti.