Kurakuran da ake ta maimaitawa wajen sayen sabon maus

Shekarata goma sha ɗaya ina buga takardu a shago, daga furojet ɗin ɗalibai zuwa katin gayyatar biki. A tsawon wannan lokaci babu abin da ya kai ga gundurata kamar mutum ya shigo da maus a leda, sabo fil, ya ce, "Malam, don Allah duba min, ya ƙi aiki." Kurakuran ba su da yawa, su ɗin ne dai ake ta juyawa, kuma ni ma na yi su, shi ya sa abin yake ƙona min rai.

Da farko, mutane suna binne maus da ransa. Da zarar kibiya ta fara tsalle-tsalle a allo sai a ce ya mutu, a nufi kasuwa. Juya shi ka duba idon da ke ƙasansa. In lokacin hunturu ne, sau da yawa ƙura ce ta toshe shi, auduga da ɗigon sifirit sun wadatar. Idon nan hoton saman tebur yake ɗauka, sama da sau dubu a daƙiƙa guda, yana kwatanta su don ya gane inda hannunka ya nufa. Shi ya sa yake ruɗewa a kan gilashi ko tebur mai sheƙi. Sa littafi a ƙarƙashinsa ka gani, sannan ka sauya masa kafar USB. Idan kuma ka danna sau ɗaya yana yin biyu, ɗan makunnin da ke ƙarƙashin maɓallin ne ya gaji, kuma mai gyaran waya zai iya sauya shi da darma, in dai maus ɗin ya cancanci wahalar.

Yanzu ga wanda ya fi ci min kuɗi da mutunci: maus marar waya da 'yar risibarsa, wato ɗan ƙaramin abin nan da ake soka wa kwamfuta. Wata shekara na ga wayoyi sun cika min tebur, sai na je na kwaso marasa waya guda uku, irin masu arha waɗanda ko sunan kamfani babu a jikinsu. Ana tsakiyar lokacin furojet wani ɗalibi ya zo da laftof ɗinsa, yaron shagona ya cire risiba ya soka masa don su gyara wani jadawali a babi na huɗu. Suka gama, ya rufe laftof, ya hau mota ya koma garinsu da risibata a jiki. Na tambayi yaron, ya ce, "Wallahi Oga, na ɗauka ta ɗayan za ta yi masa." Ba ta yi ba, kuma ba za ta taɓa yi ba. Irin waɗannan masu arha tun daga masana'anta ake ɗaura kowane maus da risibarsa, babu manhajar da za ka sake haɗa shi da wata. Risiba ta ɓata, maus ya zama abin wasan yara. Kafin wata biyu ta biyun ma ta bi sahu, ranar da mutum shida ke zaune a benci suna jiran aikinsu, ni kuma ina ta fama da kibod kamar sabon shiga. Arha ba ta ado, na ji a jikina.

Abin da nake yi yanzu shi ne, duk kwamfutar da hannu fiye da ɗaya ke taɓawa, mai waya nake sa mata, ba na sauraron kowa. Babu batir, babu risiba, babu rigima. Wanda ya nace sai marar waya, to ya nemi irin da ake iya sake haɗawa. Misali, na Logitech masu tambarin Unifying, wata 'yar alama mai ruwan lemo kamar tauraro, risiba ɗaya tana ɗaukar na'ura har shida, kuma in ta ɓata ana sayen wata a haɗa ta manhajarsu. Amma a kula, sabuwar risibarsu mai suna Bolt ba ta aiki da na Unifying, kuma ba kowane maus nasu ne ke da tambarin ba. Tawa risibar na ɗaura mata jan zare, ana yi min dariya, amma shekararta uku ba ta je ko'ina ba. Af, masu komawa shago da faɗa wai babu risiba a kwali, ku buɗe murfin batir tukuna, galibi a can ake ɓoye ta.

Idan marar waya yana sarƙewa, duba ko risibar tana kusa da filas ko hadis, wato hard disk na ajiyar fayiloli, da aka soka a kafar USB 3.0, mai shuɗin ciki. Wannan kafa tana fitar da hayaniyar da ke damun zangon rediyo na 2.4 GHz da maus ɗin ke amfani da shi. Mayar da risibar ɗaya gefen. Kada kuma ka sayi na Bluetooth zalla alhali kwamfutarka ta tebur tokumbo ce, yawancinsu ba su da shi.

Wani kuskuren da na biya da jikina shi ne girma. Na taɓa sayen wani ɗan siriri, shafaffe kamar sabulun da ya kusa ƙarewa, don kawai ya yi min kyau a ido. Hannuna babba ne, tafin ba shi da inda zai kwanta, sai na riƙa tsinke shi da yatsu uku awa takwas a rana. Bayan wata uku wuyan hannuna ya fara zugi, da dare yatsu su yi sanyi kamar ba nawa ba, har ɗaga buta don alwala sai na sauya hannu. Sai da na yi mako biyu ban taɓa aiki ba. Ku ji ni da kyau, ku samarin da ke zaɓen maus don launi da fitilu masu walƙiya: ba a gidan biki za ku yi amfani da shi ba. Ɗora hannunka a kai kafin ka biya. Tudunsa ya cika tafinka, yatsu su kai kan maɓallai ba tare da ka miƙe su ko ka naɗe su ba. Ni yanzu irin na tsaye nake riƙewa, wanda hannu ke zama kamar za ka yi musabaha. Abokan sana'ata da yawa sun ce ba ya musu daɗi, kuma gaskiya sai da na yi kwana goma kafin na saba. Bahago kuma ya nemi wanda gefensa biyu daidai suke. In zugin ya ƙi tafiya bayan ka sauya, asibiti za ka je, ba kasuwa ba.

Sauran ƙanana ne. Kada lambar DPI, wato ma'aunin nisan da kibiya ke yi a allo in ka motsa maus, ta ruɗe ka, 800 zuwa 1600 ya ishi mai buga takardu, dubbai ɗin nan na masu wasan gem ne. Batir mai arha in ya daɗe a ciki yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen, cire shi in za ka yi tafiya. Laftof ɗin da kafar USB-C kaɗai gare ta sai da mahaɗi, in dai maus ɗin ba na USB-C ko Bluetooth ba ne. Sunan babban kamfani a kwali da farashin da bai kai rabi ba, jabu ne.

Kuma kada ka bar shagon ba ka gwada ba, ko da mai kayan ya ce, "Alhaji, ai sabo ne, ba ya buƙata." Je da laftof ɗinka. Buɗe shafi mai tsawo ka murza 'yar tayar da ke saman maus ɗin sama da ƙasa a hankali, ka ga ko shafin yana komawa baya da kansa. Danna tayar, danna dama, sannan ka riƙe wani fayil ka ja shi daga wannan kusurwa zuwa waccan, ka ga ko zai saki a hanya.