Yaushe Za Ki Yaye Yaronki, Kuma Ta Yaya?

Kafin ki ƙirga watanni, ki fara duba kwanon abincin yaron. Shi ne zai gaya miki ko lokacin yaye ya yi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar nono zalla na wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye. Shekara biyun nan ita ce kuma Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara. Tsakanin wata 6 da 12 nono na iya ɗaukar kusan rabin ƙarfin da jikin yaro ke buƙata, a shekara ta biyu kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Idan kin cire shi, dole wani abu ya cike gurbin, in ba haka ba tamowa ce ke shigowa.

Yaron da ya shirya shi ne wanda yake cin abinci sau 3 zuwa 4 a yini da ɗan abin taɓawa a tsakani, yana sha da kofi, nauyinsa kuma yana hawa a katin awo. Wanda ya dawo daga wasa ya ɗan tsotsa na minti biyu ya sauka ya koma, ya kusa. Wanda kuwa yake ture cokali, yana rufe baki idan an kawo kunu, ba yaye yake buƙata ba tukuna, koyon ci yake buƙata.

Akwai lokutan da ake ɗaga yaye: yaro na zawo, zazzaɓi ko ƙyanda, ko bai daɗe da tashi daga ciwo ba, domin a irin wannan hali sau da yawa nono kaɗai yake karɓa. Haka in za a yi ƙaura ko doguwar tafiya. A nan Jos, sanyin Disamba da Janairu yana zuwa da mura da tari, farkon damina kuma da gudawa, don haka in da hali a kauce musu.

Sabon ciki shi ne ke sa iyaye mata da yawa yanke nono rana ɗaya, wai ya zama guba. Ciki ba ya ɓata nono. Yana iya rage yawansa ya kuma sauya ɗanɗanonsa, amma ramar da ake gani a jikin yaron daga yankewar gaggawa take, babu abincin da ya maye gurbi. Mai lafiyayyen ciki na iya ci gaba da shayarwa tana ƙara cin abinci. Wadda take zubar jini ko ta taɓa haihuwar bakwaini ta nemi shawara a wurin awon ciki.

Yayen kansa a hankali ake yi. Ki cire shayarwa ɗaya, wadda yaron bai damu da ita sosai ba, yawanci ta tsakar rana, ki ba shi abinci a madadinta. Bayan kwana 3 zuwa 7 ki cire ta gaba. Ta kafin barci ita ce ta ƙarshe, kuma a nan mahaifinsa ko kakarsa za su taimaka da goyo da lallashi. Kada ki miƙa nono da kanki, amma in ya nema da kuka sosai kada ki hana. A ba abin mako 3 zuwa 6. Shafa maɗaci ko barkono a kan nono yana tsorata yaro, barkonon ma na iya shiga idonsa. Kai shi gidan kaka dare ɗaya kuma yana raba shi da nono da uwa lokaci guda, wasu yaran har abinci suke ƙi.

Abincin yaye ya zama mai kauri, wanda ba ya zubewa idan an karkata cokali. Kunun acca ko gero a zuba masa garin gyaɗa ko na waken suya, gwate a saka zogale da ɗan manja, dankalin turawa a murƙushe shi da ƙwai ko kifin da aka cire wa ƙaya. Yaron da aka yaye kafin shekara 2 yana buƙatar cin abinci sau 4 zuwa 5, da madara kofi 1 ko 2 a yini. Madarar shanu a tafasa ta, a kuma ba shi kwanonsa daban don ki ga abin da ya ci.

Ke ma nononki zai cika. Kada ki ɗaure shi da zane. Ki tatsa kaɗan da hannu, iya abin da zai sassauta ciwon, domin in kin tatse duka jiki zai ƙara kawo wani. Tsumma mai sanyi yana rage kumburi. Idan wani ɓangare ya yi tauri da zafi, ga zazzaɓi da rawar ɗari har tsawon yini guda, ki je asibiti kafin ya tara ruwa. Shi ma yaron a ci gaba da kai shi awo duk wata. Nauyi ya tsaya, gashi ya koma ja, ko ƙafa ta kumbura, a kai shi ranar, ba sai ranar awo ta zagayo ba.