Kurakuran da matasan Ostiraliya suka fi yi idan sun je koyarwa a Japan

Tun shekarar 1987 da gwamnatin Japan ta fara shirin JET, wanda yake ɗauko matasa daga ƙetare domin su taimaka wajen koyar da Turanci a makarantu, Ostiraliya tana cikin ƙasashe huɗu na farko da suka tura 'ya'yansu, tare da Amurka da Birtaniya da Niyu Zilan. Duk ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta sabon ayari yana sauka a Tokiyo, a yi masa bita ta 'yan kwanaki, sannan a rarraba shi birni da ƙauye. Wasu kuma suna shigowa ta makarantun kuɗi masu koyar da hira da Turanci, ko da bizar hutu da aiki da ƙasashen biyu suka ƙulla tun 1980. Ni ma koyarwar ce ta kawo ni bayan na gama jami'a a Birisben, kuma na gaji da ganin kowane ayari yana maimaita abin da na bara ya yi. Yawancin kurakuran tushensu ɗaya ne: yaro yana zuwa da tunanin yawon buɗe ido ya zo, koyarwa kuwa hanyar samun kuɗin jirgi ce kawai, alhali a wurin hukuma shi mazaunin ƙasa ne mai biyan haraji, a wurin makaranta kuma ma'aikaci ne kamar kowa.

Zan fara da harajin mazauni, domin shi ne ya fi cin aljihuna. A Ostiraliya mutum ya saba ana cire masa haraji daga albashi, abin da ya shigo asusunsa nasa ne. A Japan, ban da harajin da gwamnatin tsakiya take karɓa, akwai wani na ƙaramar hukuma da jiha wanda ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar da ake ɗora wa haraji, kuma ana lissafa shi ne a kan abin da mutum ya samu a shekarar da ta wuce, sannan a fara karɓa daga watan Yuni. Wanda ya sauka a Agusta ba zai ga komai ba a watanninsa na farko. Takardar da za ta zo masa a Yunin farko ta albashin watanni biyar ce kacal, ba ta da nauyi, sai ya biya yana murmushi, ya ɗauka iyakar abin ke nan. Haka na ɗauka. Da Yuni na gaba ya zagayo, na tarar da ambulan daga ofishin ƙaramar hukuma a akwatin wasiƙuna, ciki da takardun biya guda huɗu, kowacce da ranar da wa'adinta zai cika, kuma jimillarsu ta ninka ta bara fiye da sau biyu. A lokacin na riga na ƙarar da ajiyata a wasan ƙanƙara a Hakuba da hutun bazara a Okinawa. Na tsaya a kantin kusa da gida ina miƙa wa mai kanti takardar farko yana buga mata hatimi, ina sane da cewa tafiya gida a Disambar shekarar ta rushe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne har yau ina ganin yara suna yin wannan ganganci, bayan an faɗa musu da baki an kuma rubuta musu. Wasu ma'aikatu suna cire harajin daga albashi wata-wata, wasu kuma suna barin ma'aikaci ya biya da kansa, saboda haka a makon farko ka tambayi mai kula da kai a wane rukuni kake. Kada ka karɓi fatawar abokin aikinka ɗan wata ƙasa, domin yarjejeniyar haraji ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kuma duk wanda 1 ga Janairu ta same shi yana zaune a Japan, harajin ya hau kansa ko da zai tattara kayansa a Yuli. Ni dai tun daga wancan lokaci, ranar da albashi ya shigo nake ware ushirinsa in zuba a wani asusu dabam wanda katinsa ba ya kwana a aljihuna. Wasu suna ganin na cika tsanani, amma ban sake jin faɗuwar gaba a watan Yuni ba.

Bashin karatu na HELP, wanda gwamnatin Ostiraliya take ba ɗalibai, shi ma yana bin mutum har ƙetare. Doka ta wajabta wa wanda zai zauna a waje kwana 183 ko fiye a cikin watanni 12 ya sanar da hukumar haraji ta Ostiraliya cikin kwana 7 da fitarsa, ya kuma riƙa bayyana abin da yake samu kowace shekara kafin ƙarshen Oktoba. Ta shafin myGov na gwamnatin Ostiraliya ake yi, kuma a daidaita shi tun kafin a bar gida ya fi sauƙi, musamman idan lambar sirrin shiga tana zuwa ne ta layin wayar Ostiraliya da za a rufe.

Kuskure na biyu ba a aljihu ake jinsa ba, a ɗakin malamai ake jinsa, kuma ya fi daɗewa bai warke ba. Matashin Ostiraliya ya tashi a inda ake kiran shugaba da sunansa na yanka, a faɗi magana kai tsaye, a ɗauki hutu a matsayin haƙƙin da ba a roƙonsa. Sai ya sayi tikitin jirgi tukuna, sannan ya je ya sanar da makaranta. Na yi haka a kakata ta farko, kwanakin kuma suka faɗa daidai makon da ake shirya ɗalibai domin gasar jawabi da Turanci. Da na kai takardar teburin mataimakin shugaban makaranta, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya karkatar da kai, ya ce abin yana da ɗan wuya, sannan ya buga hatimi. Ni kuwa na fita ina murna an amince. Ba wanda ya yi mini faɗa, ba wanda ya sake tayar da maganar. Abin da na gani bayan dawowata shi ne jadawalina ya rame, malaman Turanci sun daina neman shawarata a kan darasi, aikina ya koma karanta jimloli da ƙarfi yara suna maimaitawa. Sai da zangon karatu ya ƙare kafin al'amura su fara komawa daidai.

Ƙannena, ku saurare ni da kyau. Idan babba a makarantar Japan ya ce abu yana da wuya, ya riga ya ba ka amsa, kuma kunyar da bai ba ka ba a gaban mutane karamci ne, ba izini ba ne. Shekarar karatu a can tana farawa ne a Afrilu ta ƙare a Maris, kuma ana fitar da kalandar shekara baki ɗaya, da ranar wasanni da bikin al'adu da jarrabawa da yaye ɗalibai. Ka nemi kwafinta ka manna a bango kafin ka buɗe shafin sayen tikiti. Hutun bazara na ɗalibai ne, malamai suna zuwa aiki, don haka kada ka ɗauka watan Agusta naka ne. Yadda nake yi shi ne in fara tuntuɓar malamin da nake shiga aji da shi a keɓe, idan ya sake fuska sai in je wurin mai kula da ni, takarda ita ce ta ƙarshe. Idan na dawo kuma ba na shiga ɗakin malamai hannu rabbana: akwatin alewa ko biskit na garin da na je, irin wanda aka naɗe ɗaya-ɗaya, in bi tebur-tebur in ajiye wa kowa, har da mai kula da ofis da ma'aikaciyar jinya. Hausawa sun ce in ka je gari ka tarar da kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura.

A cikin aji ma haka abin yake. Sunan aikinka mataimaki, kuma gyara wa malami Turancinsa a gaban ɗalibai wulaƙanci ne da ba zai manta ba, ka bari sai kun fito. Ka rage saurin magana, ka ajiye guntayen kalmomin da ake yi a Sidni da Melbon, domin littattafan makaranta sun fi karkata ga Turancin Amurka.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna da cizo. Katin zama dole ya kasance a jikinka koyaushe, kuma ka yi rajistar adireshinka a ofishin ƙaramar hukuma cikin kwana 14 da tarewa. Ka tanadi takalmin cikin makaranta dabam da na waje. Ka koyi ranakun zubar da shara da yadda ake rarraba ta, in ba haka ba jakarka za ta kwana a wurin da takardar gargaɗi a manne. Lambar gaggawa ba 000 ta Ostiraliya ba ce, 110 ta 'yan sanda ce, 119 ta motar asibiti da kashe gobara. Medicare, inshorar lafiya ta Ostiraliya, ba ya aiki a Japan, inshorar can ce take biyan kashi 70, kai ka biya 30. Wasu magungunan mura da na ƙarancin natsuwa da ake sha a Ostiraliya haramtattu ne a can, ka bincika kafin ka zuba su a jaka. Musulmi kuma ya sanar da makaranta tun ranar farko cewa zai riƙa zuwa da abincinsa, domin naman alade yana yawan shiga abincin rana na ɗalibai, har a cikin miyar da ba a ganinsa. Lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa shekara ɗaya yake yi. Ɗan Ostiraliya yana iya canza nasa zuwa na Japan ba tare da gwajin tuƙi ba, amma sai ya nuna shaidar ya zauna a gida wata uku bayan samun lasisin, wanda ya yar da tsohon fasfonsa kuwa zai sha wuya. Wanda aka tura Hokkaido ko Tohoku da ke arewacin Japan ya tambayi maƙwabta yadda ake zubar da ruwan bututu kafin tafiya hutun hunturu, domin ruwa yana daskarewa ya fasa bututun.

Game da yawon buɗe ido, tikitin jirgin ƙasa na Japan Rail Pass na baƙi ne masu gajeriyar ziyara, mai katin zama ba ya cikinsu. Abin da ya dace da aljihun malami shi ne motar dare, ko tikitin Seishun 18 na jiragen ƙasa masu tsayawa tasha-tasha da ake sayarwa a lokutan hutu. Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, da tsakiyar Agusta, da kwanakin sabuwar shekara, lokuta ne da ƙasar baki ɗaya take kan hanya, wanda bai kama masauki da wuri ba zai biya ninki. Dutsen Fuji tsayinsa mita 3,776 ne, Kosciuszko da ya fi kowane dutse tsayi a babban yankin Ostiraliya mita 2,228 ne, kuma daga farkon Yuli zuwa farkon Satumba kawai ake buɗe hanyoyin hawan Fuji, saboda haka mai zuwa da gajeren wando da takalmin yawo yana wasa da ransa. Ra'ayina, wanda da yawa ba su yarda da shi ba, shi ne a rage zaryar Niseko da Hakuba, wuraren wasan ƙanƙara da 'yan Ostiraliya suke cikawa. Wanda ya baro Birisben ya je ya zauna cikin 'yan Birisben bai ga Japan ba, alhali bikin shekara na garin da yake koyarwa, inda ɗalibansa suke kaɗa ganga iyayensu suna sayar da gasasshen abinci, yana wucewa ba ya nan.

A ƙarshen kwantiragi kuma akwai kuɗin fansho da aka riƙa cirewa daga albashi. Baƙon da ya bar Japan yana da shekara biyu ya nemi a dawo masa da wani kaso a dunƙule, ana kuma riƙe kashi 20.42 cikin 100 na kuɗin a matsayin haraji. Wannan kason ma ana iya karɓo shi, amma sai ta hannun wakilin haraji mazaunin Japan, don haka ka zaɓi mutumin da ka amince da shi, ku cike takardar a ofishin haraji tun kana ƙasar, ka kuma adana lambar fanshonka a inda ba za ta ɓata ba.