Yadda ake tace likitoci masu neman gurbin horon ƙwarewa a Amurka

Ina cikin masu karanta takardun masu nema a sashenmu, kuma abin da nake fara gaya wa ƙannena likitoci shi ne, kafin idon mutum ya kai kan takardarka, kwamfuta ta riga ta tankaɗe ta. A watan Satumba takardu ke kwararowa ta ERAS, manhajar da ake tura takardun neman gurbin horon, dubbai, gurbin kuwa bai taka kara ya karya ba. Dole mu sa rariya: makin jarrabawa, shekarar kammala karatu, ko an taɓa faɗuwa, da batun biza.

Tun Janairun 2022 aka daina ba da maki a Step 1, matakin farko na USMLE, jarrabawar samun lasisin aikin likita a Amurka, ci ne ko faɗuwa. Nauyin sai ya koma kan mataki na biyu, Step 2 CK, mai gwada sanin kula da majinyata, don haka kada ka zauna mata sai ka shirya tsaf. In a wajen Amurka ka yi karatu, fara neman shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, da wuri.

Wanda ya tsallake rariya, wasiƙun shaida muke buɗewa, huɗu ne iyaka ga kowane asibiti. Wasiƙar da ta ce "yana da ladabi da ƙwazo" ba ta motsa kowa, kowa haka ake rubuta masa. Wadda ke tsayar da ni ita ce ta likitan da ya ce ya ga wane ya koma gadon majinyaci da dare, ya gano cewa maganin da aka ƙara ne ya taɓa ƙoda. Nemi wanda ya ga aikinka da idonsa, ko da ba farfesa ba ne. In akwai shekarar da ka yi a zaune, bayyana dalili da kanka a takardar bayanin kai, kada ka bar mu muna hasashe.

Ganawa daga Oktoba zuwa Janairu ake yi, galibi ta bidiyo tun zamanin korona. Kula da yadda kake magana da likitocin da ke cikin horon, ana tambayar ra'ayinsu.

Daga nan kowane ɓangare, masu nema da asibitoci, ya miƙa jerin zaɓinsa ga NRMP, hukumar da ke haɗa masu nema da gurabe ta lissafin kwamfuta. Lissafin daga zaɓin mai nema yake farawa, saboda haka jera asibitoci yadda ranka ke so, ba inda kake zaton za a ɗauke ka ba. Saƙon "mun yaba da kai" ba alkawari ba ne. Ranar Juma'a ta uku a Maris ake sanar da inda kowa ya faɗa. Wanda bai samu ba, tun Litinin ɗin makon zai sani, sai ya shiga SOAP, wato zagayen neman guraben da suka rage.